Abin da Ƙarfe Yake Tofarwa Ta Baya

Makon jiya wani ɗalibi daga cikin waɗanda uni, wato jami'a, take turo mana koyon aiki ya tsaya yana kallona. Na danna maɓalli, bindigar gwajinmu ta yi tari, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Anti Hajara, ashe aikin naku ke nan? A danna, a ji ƙara, a tafi shan shayi?" A lokacin kunnena yana kan iskar da ke fita daga tankin bindigar. Amma maganar ta bi ni har cikin bas. Ba shi ne na farko ba. Duk shekara sai an kawo mana irinsa daga Fallowfield, unguwar ɗalibai a nan Manchester, 'yan Kano, 'yan Zariya, 'yan Jos, jaka a baya, kwamfuta a hannu, kowa ya san lissafin abin fiye da ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda aikin yake. Aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, don haka ku karɓi rubutun yadda ya zo.

Wurinmu ƙaramin kamfani ne a can bayan Old Trafford, tsakanin wani gareji da masu sayar da tayil. Ba aikin soja muke yi ba, gara in faɗa tun da wuri, domin da mahaifiyata ta ji kalmar bindiga a waya sai da ta yi salati. A masana'anta, idan inji yana sassaƙa ƙarfe yana juyawa da gudu, wani lokaci haƙorin da ke yankan yakan karye ya fito kamar harsashi. Tsakanin wannan gutsuren da mutumin da ke tsaye a gaban injin, ƙofa ɗaya ce tak. Masu ƙera irin waɗannan ƙofofi da murafai su ne suke kawo mana farantan ƙarfe. Mu harbe su da dunƙulen ƙarfe, mu gaya musu ko za su tare ko ba za su tare ba.

Da shara na shiga wurin. Mun zo Manchester ne saboda karatun maigidana, muka kama flat, wato ɗan gidan haya, a Hulme, 'yata Ikram tana goye. Aka haɗa ni da aikin goge-goge da safe. Mai wurin wani dattijo ne, Derek, ɗan nan garin, wanda ya hana ni ce masa Oga amma har yau a zuciyata Oga Derek nake cewa. Ina shara ina ganin farantan da aka gama da su a jibge a lungu, kowanne da irin rauninsa. Ni kuwa ban iya ganin kaya a hargitse ba. Sai na riƙa jera su: waɗanda suka lotsa gefe guda, waɗanda suka buɗe kamar an ɓare ayaba gefe guda, waɗanda aka cire musu ƙwaya zagayayya kamar murfin kwalba gefe guda, waɗanda suka tsage kuma can nesa don kada wani ya yanke. Wata safiya Oga Derek ya tsaya a kan jerin, kofin shayi a hannu, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka na taɓa abin da ba a taɓawa. Ya ce, "Wa ya ce ki raba su haka?" Na ce babu, in ya ɓata ne in mayar. Ya ce, "Bar su, love. Gobe ki zo da takalmi mai ƙarfe a baki." Na ce ba ni da shi. Ya shiga sito ya fito da wasu da suka yi mini yawa, na cusa safa biyu. Koyon aikina ke nan ya fara.

Aikin farko da ya ba ni shi ne ɗaure faranti a firam, wato gurbin ƙarfen da ke riƙe shi, kuma na daɗe a kansa kafin ya bar ni in matsa kusa da maɓallin da kuke rainawa. Akwai sifana mai ƙara, wadda take cewa ƙas idan noti ya kai matsewar da ake so. Ba a bin notuna a jere kamar ana ɗinki. Ka matse na sama, ka tsallaka na ƙasa, ka dawo dama, ka koma hagu, don farantin ya zauna daidai ko'ina. In gefe ɗaya ya fi matsewa, farantin zai yi maka ƙarya: ko ya nuna ƙarfin da ba shi da shi, ko ya yage daga bakin noti alhali ba laifinsa ba ne. Ita kanta bindigar ba wani abin kallo ba ce, dogon bututu ne da tankin iska a gindinsa. A bakinta akwai fitilu biyu, dunƙulen yana gittawa ta gabansu su faɗi gudunsa. Akwai kyamara mai ɗaukar abin da ido ba ya kamawa. Akwai firiza irin ta masu sayar da kifi, wadda ba a saka abinci a ciki, ko da wani ɗalibi ya taɓa ɓoye dambun nama a ciki aka yi rigima. Sai ƙofar ɗakin harbi mai nauyi, da ƙaho da ake busawa kafin a danna. Ni nakan leƙa ɗakin bayan na rufe, in sake buɗewa in leƙa. Ina da fargaba, haka Allah Ya yi ni. A gida sai na koma na taɓa kan gas bayan na san na kashe, sai na taɓa goshin Ikram tana tsaka da wasa lafiyarta ƙalau. Oga Derek yakan ce mini Madam What-if, amma bai taɓa hana ni leƙen ba. Ya ce duk wanda ya gaji da leƙe ya nemi wani aikin.

Masu injin yankan ciyawa su ne suka fara koya mini halin ƙarfe. Sun kawo murafai iri biyu, don idan wuƙar injin ta daki dutse, murfin ne zai hana shi samun ƙafar mai turawa. Na ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, ya yi ƙara siririya. Na ƙwanƙwasa ɗayan, ya yi ƙara a dushe. Na ce a raina mai ƙarar nan shi ne gwani. Aka harba. Mai dushewar murya ya lotsa, ya yi ciki kamar kwano, amma ya riƙe dunƙulen. Gwanin nawa ya tsage daga tsakiya har baki. Nan na tuna kicin ɗin mahaifiyata a Kano. Kwanon silba in ya faɗi sai ya loɓa, a buga shi da muciya ya koma aiki. Tukunyar dalma kuwa, mai kauri da nauyi, ranar da ta suɓuce ta daki dutsen murhu rabewa ta yi, ba gyara. Tauri daban, juriya daban. Ƙarfe mai laushi yana shanye dukan ne ta hanyar miƙewa, yana ba da wuri. Mai tauri ba ya ba da wuri, to in dukan ya fi ƙarfinsa ba shi da wata hanya sai tsagewa.

Sannan akwai gudu. Wannan shi ne abin da ba a gane shi sai an gani. Ƙarfen da ka lanƙwasa a hankali a cikin matsi, da shi wannan ƙarfen idan aka dake shi cikin ƙiftawar ido, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ku tsoma hannu a bokitin ruwa a hankali, ruwa zai kauce muku. Ku mari ruwan da tafi, ku ji yadda zai rama. Haka yake. In dunƙulen ya zo a hankali, farantin gaba ɗaya yana samun sararin taya juna ɗaukar nauyin, ya lotsa da faɗi. In ya zo da gudu sosai, wurin da aka daka shi kaɗai ne yake fama, sauran farantin bai ma ji labari ba an riga an wuce. Shi ya sa za ku ga rami tsaf, gefensa ko motsi bai yi ba. Bakin dunƙulen ma yana da magana: mai tsini yana buɗa ƙarfen ya ture shi gefe, mai faɗin baki yana yanke ƙwaya ya tura ta gaba. Kuma wurin yana zafi. Bakin ramin wani lokaci har shuɗi yake yi. Duk ɗalibin da ya zo sai na ce kada ya taɓa, kuma duk ɗalibin da ya zo sai ya taɓa, sannan in ji "Wayyo Anti!" Ina ajiye ruwan sanyi kusa saboda ku.

Wani faranti na masu jirgin ƙasa shi ya nuna mini aikin firiza. Ƙarfe ɗaya aka yanka biyu. Na farko muka harbe shi yadda yake, ya lotsa ya riƙe. Na biyu ya kwana a firiza, muka ɗauko shi da safar hannu mai kauri, muka ɗaure da sauri kafin ya huce, aka harba. Ya fashe kamar tangaran. Na tsaya baki buɗe. Oga Derek ya ce wani ƙarfen haka yake, sanyi yana cire masa haƙuri. Na durƙusa ina tsince gutsattsarin, hannuna ya kai ga haɗa biyu don in ga ko za su zauna, kamar yadda kowace uwa take yi in kofi ya fashe. Ya ce, "A'a, a'a, kar ki haɗa su." Ashe fuskar karayar nan ita ce take ba da labarin yadda abin ya faru. In tana ƙyalli kamar sukari, ƙarfen bai yi gardama ba, karyewa kawai ya yi. In ta yi duhu da zare-zare, ya yi kokawa kafin ya saki. Kana goga su da juna ka share labarin. Ba a haɗawa, ba a wankewa, ba a hurawa da baki. Kowanne da ledarsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. A bayan kowane faranti da za a harba, da ɗan tazara, muna rataye wani siririn alminiyam mai sheƙi, bai fi kaurin murfin gwangwani ba. Shaida muke ce masa. Shi ne a madadin mutum. Bayan harbi, ko farantin ya yi kyau kamar me, ba a cewa komai sai an ciro shaida an duba. Kuma a wurinmu akwai yadda ake dubawa. Ba a kwantar da shi a tebur. Ana ɗaukarsa da hannu biyu, a je gaban taga, a ɗaga shi daidai fuska, kamar za a duba madubi. In fuskarka kawai ka gani, dishi-dishi, to an ci. In haske ya shigo ko da ta ramin da bai kai bakin allura ba, an faɗi. Oga Derek ya ce wanda ya koya masa aiki haka ya koya masa, kuma dalilin ɗagawa daidai fuska shi ne don mai dubawa ya san inda abin zai shiga.

Shekarar da ta yi mana tsanani, aiki ya ɗauke kamar an rufe famfo. Masu injin ciyawa suka koma gwaji a wata ƙasa, masu jirgin ƙasa suka ce sai wani lokaci. Kuɗin wuta ya tashi, har muka daina kunna hita sai a ofis. Abokan aikinmu biyu suka samu wani wurin suka tafi, aka bar ni da Oga Derek da bindiga. Wasu ranakun ba abin da nake yi sai shafa wa notuna mai. Kwastoma ɗaya ya rage mai kawo aiki a kai a kai, wani Mista Colin, mai masana'anta a Birmingham, yana ƙera ƙofofin inji yana kuma amfani da su a wurinsa. Oga Derek bai ɓoye mini ba. Ya ce, "In Colin ya tafi, zan sa kwaɗo a ƙofar nan, Hajara. Na tsufa da neman sababbi." Ni kuwa na san abin da kwaɗon yake nufi. Komawa shara, fita kafin Ikram ta tashi, da barin sana'ar da na fara jin hannuna ya zauna a kanta.

Ana cikin haka Mista Colin ya zo da kansa da sabon faranti. Siriri ne, mai tauri ƙwarai, launinsa kamar na wuƙa. Yana ta murna da shi, ya ce bai kai tsohon nauyi ba ko kusa, kuma ya riga ya sayi ƙarfen da yawa. Na ɗaure, na rataye shaida, na rufe ƙofa, na buɗe na leƙa, na sake rufewa. Aka busa ƙaho, aka harba. Da muka shiga, dunƙulen ne ma ya baje a ƙasa, farantin kuwa ɗan tabo kawai a fuskarsa. Mista Colin ya tafa, ya daki kafaɗar Oga Derek. Na ciro shaida na nufi taga. Ina ɗagawa sai ga haske, ƙanana-ƙanana, a warwatse kamar an yayyafa gero, wasu daidai idona, wasu daidai wuyana.

Ba wani ilimi ba ne ganin wannan, ko Ikram aka ba ta za ta gani. Abin da ya yi wuya shi ne buɗe baki, ga mutum yana dariya a bayanka, ga kwaɗo a ranka. Na ce, "Derek, zo ka gani." Ya zo ya karɓa ya ɗaga. Ya koma ya shafa bayan farantin, ya nuna mana inda ya ɓantale kamar ƙuraje. Ya yi wa Mista Colin bayani, ni ma ina saurare. Dukan bai huda ba, amma girgizarsa ta ratsa cikin ƙarfen, ta isa bayan, ta fizge ɓarɓashi ta watsa. Sai na tuna ɗakinmu na Kano. Yara suna buga ƙwallo a katanga ta waje, katanga ba ta huje ba, amma yaɓe yana zubo mana a kan gado ta ciki. Ƙarfe mai tauri ya iya tarewa ta gaba, sai dai yana tofarwa ta baya.

Fuskar Mista Colin ta canza. Ya ce ai farantin ya tare, me kuma ake so? Ya ce waɗannan 'yan ramuka ko riga ba za su huda ba. Oga Derek ya ce, "Ido ba ya sa riga, Colin." Aka sake harba wani, aka sake samun haske. Mutumin ya ɗauki jakarsa ya ce akwai wasu wuraren gwajin a ƙasar nan, ya fita ko shayinsa bai shanye ba. Na ɗauki kofin na wanke.

Akwai wata al'ada kuma ta Oga Derek. Idan abu ya faɗi, ba ya aika sakamako kawai ya zauna. Yakan ɗauki shaidar da kansa ya kai wurin da za a yi amfani da ƙofar. Wannan karon ya ce in shirya, tare za mu je, tunda ni na duba. Ban taɓa yin nisa da Ikram haka ba. Na bar ta a hannun maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Kafanchan, wadda ƙofarta take kallon tamu. Na jera mata bayani: ga rigar sanyi, ga lambar GP, wato likitanmu, ba ta cin inabi sai an yanka, in ta yi tari a kira ni. Maman Joy ta ce, "Maman Ikram, na raini huɗu fa, kuma duk suna nan da ransu. Birmingham za ki, ba Makka ba. Wuce ki tafi." Muka hau motar kaya, shaida a naɗe cikin bargo a kan cinyata, hanya cike da manyan motoci da ruwan sama.

Masana'antar babba ce, ƙarar inji ko'ina, ƙamshin mai da ƙarfe. Mista Colin ya karɓe mu ba yabo ba fallasa, ya ce mu jira yana waya. Na koma gefe na kira Maman Joy in ji ko Ikram ta ci abinci. Ina kashe wayar sai na ji murya a bayana da Hausa:

"Ke 'yar wane gari ce, da kike damun mutane a kan inabi?"

Na juya. Wani dattijo ne cikin rigar aiki shuɗiya, furfura a gemu, yana goge hannu da tsumma. Na rusuna na gaishe shi, na ce Kano.

"Kano! To, ni Bitrus, daga Pankshin. Me Kanawa suka kawo mana sayarwa yau?"

"Ba sayarwa ba ne, Baba. Mu ne masu gwada ƙofa."

"Au, ku ne masu bindigar? Ku ne kuka hana ni sabuwar ƙofata?" Ya kama kafaɗarsa ta dama. "'Yata, kin ga wannan tsohuwar? Zo ki ja ta ki ji."

Na kama ƙofar injinsa na ja. Wallahi sai da na sa ƙafa na dogara. Ya ce haka yake janta tun safe har yamma, buɗe, rufe, buɗe, rufe, kafaɗar ta ƙi barinsa barci, GP ya gaji da ganinsa. Shi ne ya yi ta yi wa Mista Colin ƙorafi har mutumin ya nemo siririn ƙarfe saboda shi. Nan na gane ashe ba rowa ce ta sa aka kawo farantin ba, tausayi ne.

Sai na warware bargon. Na ce, "Baba, yadda muke yi ke nan. Ka riƙe da hannu biyu, ka juya wajen hasken can, ka ɗaga daidai fuskarka."

Ya ce, "Hoto za ki ɗauke ni?" Amma ya ɗaga. Ƙofar lodi a buɗe take, hasken rana yana shigowa. Daga inda nake tsaye ina ganin ɗigon haske sun sauka masa a kumatu, a goshi, ɗaya a kan fatar ido. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce a hankali, "Wannan duk ta bayan ƙofar suka fito?"

"Ta baya, Baba. Gaban lafiya lau."

"Ni kuwa a baya nake tsayawa."

Mista Colin ya gama waya ya iso tare da Oga Derek, ya tarar da shi a haka, ɗigon haske a fuska. Ba wanda ya yi masa bayani. Baba Bitrus ya sauke shaidar ya ce masa da Turanci, kafaɗa dai biyu gare shi, in ɗaya ta gaji zai ja da ɗayar, a bar masa tsohuwar ƙofarsa. Mista Colin ya karɓi alminiyam ɗin ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "To ƙarfen da na tara fa, Derek? In yi yaya da shi?" Oga Derek ya ce kada a zubar, tauri ba laifi ba ne, goyon baya yake so. A bar mai taurin a gaba ya fasa dunƙulen, a sa masa wani mai laushi a baya ya kama abin da ya tofar. Sai dai ba wanda zai iya cewa wane iri ko wane kauri sai an gwada. Mista Colin ya ja numfashi ya ce, "To ku gwada."

Gwajin nan shi ya riƙe mu duk lokacin sanyin nan. Aka sa alminiyam a baya, siriri ya yage, mai kauri ya mayar da nauyin da ake gudu. Aka manna su, aka raba su da ɗan tazara, aka canza notuna. Injiniyar Mista Colin, wata mata mai haƙuri, takan zo da lissafinta ta ce a gwada kaza, kuma sau da yawa inda ta nuna nan abin yake zuwa. Ni na ce a saka wasu a firiza, tunda na ga ƙofar lodinsu a buɗe take yini, aka saka. Baba Bitrus ya karɓi lambata, yakan kira ya ce, "'Yar Kano, yaya idona? Kina kula da shi?" In ce, "Da sauran haske, Baba." Ya ce, "To ci gaba da harbi."

Ranar da aka dace, ba wani abu na daban a safiyar. Siririn ƙarfe mai laushi ne a baya, an ɗan ba shi wuri ya lotsa. Na harba mai ɗumi, na harba na firiza, na harba a tsakiya, na harba kusa da baki inda ya fi rauni. Kowane na kai taga. Oga Derek yana tsaye da kofinsa har na sauke na ƙarshe, sannan ya ce, "To, yaya?" Na ce, "Fuskata kaɗai na gani." Ya ajiye kofin ya shiga ofis ya kunna mana hitar ɗakin aiki.

Ƙofar ba ta kai yadda Mista Colin ya so a rashin nauyi ba, amma Baba Bitrus yana janta da hannu ɗaya. Daga baya wasu masu ƙera inji suka ji labari suka fara kawo nasu, aka ɗauki ma'aikaci, aka gyara rufin da yake yoyo. Oga Derek yanzu ba kullum yake zuwa ba, makullin ɗakin harbi yana jakata tare da na flat. Ikram ta shiga makaranta, an tambaye su aikin iyayensu ta ce, "My mum looks for holes." Malamar ta ɗauka ɗinki nake yi. Ban gyara mata ba.

To, ɗalibin da ya ce danna maɓalli ne, jiya na bar shi ya danna. Ya ji daɗi ƙwarai. Da muka shiga ya ciro shaida, ya kwantar a tebur, ya sunkuya yana nema da fitilar waya. Na ce, "Ba haka ba, ƙanena. Ɗauko. Hannu biyu. Je ka taga." Ya je yana murmushi, ya ɗaga daidai ƙirji. Na kama gwiwar hannunsa na tura sama har alminiyam ɗin ya rufe masa fuska.

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ƙura ido. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Anti, akwai ɗaya. Daidai idona."

Na ce, "To, yau ka fara aiki."